Zuwa Maraɗi da Malamar da Na Hana Kwas

Tun ranar da na dawo daga Maraɗi mutanen majalisarmu ta Samaru suka hana ni sakat. Kafin in gama gaisawa wani zai ce, "Dauda, wai da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda?" Wani ya ce, "Kai da ko Jibiya ba ka taɓa zuwa ba, me ya kai ka ƙasar waje da tsufanka?" Na ba da labarin ya fi sau goma, kuma kullum akwai wurin da nake tsallakewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi duka, har da wurin da nake tsallakewan. Karatuna bai yi nisa ba, firamare na gama sai ɗan ajin yamma, saboda haka wanda ya ga kuskure ya yi mini uzuri.

Sai na ɗan koma baya kafin in shiga mota. Na yi aikin kula da sito a wata makarantar sakandare ta al'umma a Sabon Gari har na yi ritaya. Kimanin shekaru talatin da suka wuce aka kawo mana kyautar kwamfutoci, aka ce a tura malamai uku Kaduna su yi kwas na koyon aiki da su. Shugaban makarantar na lokacin abokina ne, ba ya yin abu sai ya ji ta bakina. Ya nuna mini sunayen da ya rubuta, na ga na wata yarinya mai koyar da lissafi, Malama Rifkatu, wadda shekararta biyu kacal da fara aiki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina aka taɓa tsallake manya a tura yarinya?" A wurinmu kwas ba karatu ba ne, karramawa ce: a kwana a otal, a ci kaza, a dawo da takarda da jaka mai tambari. Ya soke sunanta a gabana. Aka tura dattawa uku. Kafin shekara ta zagayo biyu sun yi ritaya, na ukun kuma ya ce idonsa ba ya son hasken na'urar.

Kwamfutocin suka zauna a sitona cikin ledarsu. Sau uku Malama Rifkatu tana zuwa ta roƙe ni makulli, sau uku ina ce mata, "Malama, ba ki da takardar kwas. In abu ya lalace wa zan ce?" Duk Asabar nakan shiga in goge musu ƙura. Da aka zo buɗe su daga baya, ɓeraye sun gama da wayoyin, sauran kuma aka ce zamaninsu ya wuce.

Bana ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ce za ta sayo sababbi, irin na ɗorawa a cinya, ta kuma ɗauki nauyin malamai uku zuwa kwas. Amma suka kafa sharaɗi: sai kwamitin makaranta ya rubuta tsari tukuna. Ɗaya daga cikinsu yana da surukai a Maraɗi, ya ce akwai wata makaranta can da ya ga ana amfani da na'ura yadda ya kamata, a je a gani. Aka zaɓi Malama Rifkatu daga ɓangaren malamai, ni kuma daga ɓangaren iyaye, don jikokina uku suna makarantar. Yanzu ita ce ta biyu a girma cikin malamai, shekara biyu ya rage ta yi ritaya. Na ce a raina Allah ya kawo mini hanyar gyara abin da na ɓata: wannan karon sunanta ne zai zo farko, ko da wa zan yi faɗa.

Ranar Litinin da sassafe muka haɗu a tashar Kwangila. Ta gaishe ni kamar yadda ta saba, da ladabi, ba ƙari ba ragi. Shekarun nan duka ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ta kuma taɓa tsayawa hira da ni ba. Kafin mota ta cika ta ce, "Baba Dauda, kawo takardunka in ɗauki hotonsu."

Na ce, "Takarda tana hannuna, me hoto zai yi mata?"

Ta ce, "Kawo dai."

Na miƙa ina gunaguni. Da ta gama na naɗe su a leda, katin ɗan ƙasa da katin rigakafi da wasiƙar makaranta, na cusa su can ƙasan jakata don kada a zare mini. A cikin jakar nan kuma akwai mazarƙwaila curi shida da na saya a kasuwar Sabon Gari don tsarabar masu masauki. Aka jefa jakar a but.

Direba ya ba ni gidan gaba saboda furfura, sai dai mu biyu ne a kujerar, ni da wani mai sayar da takalma wanda ya yi barci a kafaɗata tun daga Giwa. A Funtua muka ci waina. Can na juya na ce mata, "Malama, in mun dawo, sunanki ne na farko a kwas ɗin nan. Na yi alkawari." Ta dube ni, ta ce, "Allah ya kai mu, Baba," ta ci gaba da cin wainarta. Na ɗauka za ta yi murna fiye da haka.

Daga Malumfashi zuwa Katsina hira ta mutu a motar, kowa yana addu'arsa, Musulmi da Kirista, don kun san yadda hanyoyi suka zama. A Katsina muka sake mota zuwa Jibiya, rana tana tsakiyar ka. Da muka isa bakin iyaka aka ce kowa ya fito da takardunsa. Na buɗe jaka, sai na ji hannuna ya nutse cikin wani abu mai ɗumi. Zafin but ya narkar da mazarƙwailar, ta bi ta cikin ledar ta manne takardun nan uku suka zama guda. Na ɗauko su haka, ƙudaje suna bina, na ajiye a gaban jami'in ɓangaren Nijar.

Ya ɗaga su da yatsa biyu ya ce, "Tsoho, wagga takarda ce ko alewa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da safe dai takarda ce."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka yi ta dariya. Direba kuwa yana ta danna ham, fasinjoji suna cewa a bar tsohon nan ya koma gida. Sai Malama Rifkatu ta matso ta miƙa wayarta. Ga katina nan a fili, ga hotona, ga wasiƙar da hatiminta. Jami'in ya ɓamɓare katin a hankali, ya wanke shi da ruwan buta, ya gwada da na wayar, ya ce, "Wagga ɗiyarka ce?" Na ce abokiyar aikina ce. Ya ce, "To ka riƙe ta da kyau, in ba ita ba yau nan za ka wuni." Na ba shi curi ɗaya da ya tsira, ya ƙi karɓa, ya ce ya riga ya ɗanɗana a jikin katin.

Bayan la'asar muka shiga Maraɗi. Mai masaukinmu shi ne shugaban makarantar da muka je gani, dattijo ne sa'ana mai farin gemu, ana ce masa Mushe Isufu, don su can malamin boko mushe suke kiransa, makaranta kuma lakwal. Ya sauke ni a ɗakin zaurensa, da tabarma da katifa da randar ruwa mai sanyi. Malama Rifkatu kuma uwargidansa Hajiya Mariyama ta ja ta ciki. Da Hajiya ta ji baƙuwarta Kirista ce sai ta rikice, ta aiko a tambaye ni me suke ci. Na ce abin da muke ci. Kafin magariba na jiyo su suna gardama a kan yadda ake dambun zogale, kowace tana cewa na garinsu ne na ainihi.

Maganar burodi kuwa gaskiya ce. Dogo ne siriri, mutum ya saƙalo shi a hammata kamar zai je kiwo. Bayansa tauri gare shi, ni kuma haƙorana na gaba sun daɗe da tafiya. Na yi ta fama da shi kamar akuya da ɓawon rake, har Mushe ya ji tausayina ya ce in tsoma a shayi. Shayin ma ba irin namu ba ne na babban kofi da madara. Ɗan mitsitsin kofi ne, ɗaci kamar magani, kuma sau uku ake zagayowa. Na sha na farko na yi godiya na miƙe, aka ce in zauna, wanda ya sha na farko bai tashi sai ya sha na uku. Wani abin da ya ba ni mamaki, da rana ta take sai gari ya yi tsit. A rufe shago, a rufe ofis, kowa ya je ya miƙe ƙafa. Na ce wa Mushe, a Sabon Gari in ka rufe shago da azahar, maƙwabcinka zai zo gida ya yi maka gaisuwar rashin lafiya.

Ranar Talata aka zagaya da mu makarantar. Ni na sa rai zan ga ɗaki cike da na'urori da sanyin iya kwandishan. Kwamfutoci shida na gani, da majigi guda, da farantan hasken rana a kan rufi. Biyu daga cikin shidan ma ba su nan, wai malamai sun tafi da su gida. Aikina na dā ya motsa, na ce, "Gida? Wa ke riƙe da makullin sito?"

Mushe ya ce, "Mu nan na'ura ba ta kwana sito. Wadda ta kwana sito mutuwa take yi. Mun gwada, mun binne goma." Malama Rifkatu tana rubutu a littafinta, ba ta ɗago ba, amma na san ta ji.

Laraba da yamma ɗalibai ba sa dawowa, to lokacin ne malamai ke zama nasu ajin. Muka shiga muka tarar da malamai goma sha wani abu a kan bencin yara, gwiwoyinsu suna dukan tebur. Mai koyarwa wata yarinya ce, Madam Ramatu, ba za ta girmi autata ba. Mushe Isufu da kansa, shugaban makaranta, ya cire hula ya zauna a layin gaba. Tana zagayawa tana duba aikin kowa, da ta zo kansa ta tsaya.

"Mushe, ka koma bugu da yatsa guda."

"Sauran tara hutu suke."

"Su dawo aiki. Kuma aikin gida na makon jiya ban gani ba."

"Baƙi gare ni, Madam."

"Baƙi shekaranjiya suka zo."

Ajin ya fashe da dariya, shi ma yana yi. Ni kuwa gumi ya keto mini, don a wurinmu da ranar za a yi zaman sulhu. Da aka tashi na tambaye shi yadda yake jure wannan. Ya ce, "Ni na aike ta kwas, don ta zo ta koya mini. In na tura kaina, shekara ɗaya zan tafi da abin gida. Mu ba mu tambayar wa ya fi daɗewa. Muna tambayar wa ya fi sauran shekaru a gaba, kuma wa zai iya tsayawa gaban 'yan uwansa ya koya musu duk Laraba. Wanda bai yarda da Laraba ba, ba ya zuwa."

Kafin a tashi ɗin nan wani abu ya faru. Madam Ramatu ta ce baƙuwa daga Najeriya ta zo ta taɓa na'urar ko don albarka. Na ji tsoro kada ta ji kunya a gaban mutane, har na buɗe baki zan ce ba ta yi kwas ba. Sai ta zauna, yatsunta suka fara gudu. Ta zana wani layi mai lanƙwasa a bango ta majigin, ta sauya lamba ɗaya, layin ya miƙe, ta sake sauyawa ya kife. Malamin lissafinsu ya taso daga baya ya ce ta maimaita. Rubutun na'urar da Faransanci yake, amma ba ta ko tambaya ba, ta san inda komai yake. Kusan rabin awa suka riƙe ta.

A hanyar komawa masauki na ce, "Malama, ina kika koyi wannan?"

Ta ce, "A Samaru. Shagon buga takardu na bakin ƙofar jami'a. In na tashi daga makaranta nakan hau keke napep in je in buga wa ɗalibai aikinsu kyauta, mai shagon ya bar ni da na'ura awa guda. Shekara huɗu na yi haka." Ta juyo ta dube ni. "Ta gaban majalisarku nake wucewa, Baba. Ina gaishe ku."

Tana gaishe mu kuwa. Ni na zaci cefane take zuwa.

Ranar Alhamis muka kamo hanya, Hajiya ta cika mu da kilishi, Mushe ya ba ni burodi biyu don in nuna wa mutanen Samaru. A iyaka jami'in nan ya gane ni, ya ce, "Mai alewa, an koma?" A tashar Katsina muka zauna a inuwa muna jiran mota ta cika. Tun daga Maraɗi abu ɗaya ke cina. In muka bi tsarin da muka gani, wadda shekara biyu ya rage mata ba ta cikin masu zuwa. Al'adar da na hana ta da ita tana yarinya, yau ita ce za ta ba ta, ni kuma na je ƙasar waje na koyo cewa al'adar ba ta da kyau.

Na ce, "Malama, alkawarin da na yi miki a Funtua yana nan. Za mu rubuta tsarinsu, amma ke a bar ki a ciki."

Ta ce, "In na je, Malam Tanimu zai je, Mista Okoro ma zai je. Mu uku ne manya. Da wane baki za ka hana su ka bar ni?"

"To ko ba kya so ne?"

Ta ajiye ruwan da take sha. "Ina so. Kada ka kuskura ka ce ba na so. Ni ma ina son in kwana a otal ɗin nan, a kawo mini kaza ban hura wuta ba, a kira sunana a ba ni takarda. Na daɗe ina so." Ta yi 'yar dariya, amma idonta ya kawo ruwa. "Sai dai abin da za a koyar a can, ni zan iya koyar da shi. Ka cire sunana. A tura yaran malamanmu, Habiba da Bulus da Ngozi. Amma da sharaɗi."

Na ce ta faɗa.

"Kai za ka faɗa a gaban kwamiti, da bakinka. Kuma ka faɗi wanda ya sa aka soke sunana wancan karon. Na sani tun ranar, masinja ya gaya mini. Amma ban taɓa ji daga gare ka ba."

Daga Katsina har Kwangila ban ci kilishin nan ba.

Kwamiti ya zauna ranar Asabar a ɗakin malamai. Malam Tanimu ya zo da sabuwar hula, Mista Okoro, wanda a Sabon Gari aka haife shi kuma Hausarsa ta fi tawa, yana ta tsokanarsa wai ya riga ya sayi akwatin tafiya. Malama Rifkatu ta karanta abin da ta rubuto: na'ura ba za ta kwana a sito ba, za a ware yammacin rana ɗaya duk mako don ajin malamai, a fara wannan ajin tun kafin kayan su iso. Kowa ya ce madalla. Da aka zo kan sunaye sai ta zauna ta dube ni.

Na miƙe. Na faɗi yadda na sa aka soke sunanta, da yadda na hana ta makulli sau uku saboda takardar da ni na hana ta samu, da yadda na yi shekaru ina goge wa ɓeraye abincinsu. Shugaban kwamiti ya ce, "Haba Baba, abin da ya wuce ai ya wuce." Na ce bai wuce ba, tun da yau ma shi muka zo yi. Sannan na kira sunayen yaran nan uku, na ce Malama Rifkatu ce za ta riƙe ajin mako, su kuma in sun dawo su taya ta.

Malam Tanimu ya ce, "Wato mu mun zama tsofaffin kaya ke nan, Dauda?"

Na ce, "Ni ne tsohon kaya, Malam. Kai ɗalibi za ka zama."

Bai yi dariya ba, kuma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Mista Okoro kuwa ya ce, "In Rifkatu ta haƙura, ni wane ne? Amma a sa ni bencin baya, kada Ngozi ta ga yatsuna." Aka ɗaga hannu, tsarin ya wuce da ƙyar.

Da aka watse na tsaya a bakin ƙofar makaranta ina jiran keke napep. Ta fito da littattafanta a hannu, ta tsaya kusa da ni, muna kallon titi. Na ce, "Malama, na faɗa."

Ta ce, "Na ji, Baba Dauda. Sau biyu ke nan kana hana ni kwas." Ta tare mini keke da hannunta, ta gaya wa mai keken ya kai ni Samaru a hankali. Har na zauna ta leƙo ta ce, "Na yau na yafe. Na farkon kuma, ka ba ni lokaci, ina dubawa."